Da safe shara, da magariba rarrafe: nazarin ciwon murɗewar ƙafa na wata yarinya a Garwa

Shekararta 11 lokacin da aka turo ta sashen gashin ƙashi inda nake aiki a Garwa. Na sakaya sunanta da na unguwarsu, kuma sai da iyayenta suka amince kafin na rubuta wannan. Takardar da ta riƙo gajera ce: ƙafafu biyu sun murɗe ciki, ana zaton lalurar ƙwaƙwalwa ce irin wadda ake samu wajen haihuwa, a yi ta miƙar da tsokoki wata uku, in babu canji a yi tiyata a ƙara wa agara tsawo. Mahaifinta tela ne a babbar kasuwa, mahaifiyarta tana toya ƙosai a ƙofar gida. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar.

Tarihin ciwon

Tarihin da uwar ta bayar bai yi daidai da takardar ba. Cikin ya cika wata tara, a asibiti aka haife ta, tana faɗowa ta yi kuka. Ba ta yi shawara tana jaririya ba. Ta zauna, ta yi rarrafe, ta yi tafiya duk a kan lokaci, kuma katin rigakafinta cike yake, har da ɗigon shan-inna. Ba ta taɓa sanƙarau ba, duk da cewa yankinmu yana cikin zirin da cutar ke addaba a lokacin zafi, kuma zazzaɓin cizon sauro bai taɓa kai ta ga suma ko jijjiga ba. Har ta kai shekara 6 tana guje-guje da sa'o'inta.

A shekarar da ta cika 6 ɗin ce uwar ta lura silifas ɗin ƙafar hagu yana cinyewa ta gefen waje kaɗai. Daga nan sai yawan tuntuɓe. Tafin ƙafar ya riƙa juyawa ciki, dunduniya ta ƙi taɓa ƙasa. Da ta kai shekara 8 ƙafar dama ta bi sahu. A shekara 10 hannu ya fara shiga: in ta daɗe tana rubutu yatsunta su danne biro har takarda ta huje. Duk da haka ba ta taɓa fita daga sahun farko a ajinsu ba, kuma lokacin da na gan ta tana CM1, wato aji biyar na firamare.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci, wadda uwar ta ce ta faɗe ta ko'ina aka kai yarinyar. "Dokta, da safe fa ita ke share mini tsakar gida. Kafin la'asar ta fara jan ƙafa. Magariba kuwa sai rarrafe, ko a ɗauke ta." In ta samu barcin rana ma takan tashi da ɗan dama-dama. Babu inda aka rubuta wannan a takardunta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: da safe ake ganin marasa lafiya a asibitocinmu, wato a lokacin da ta fi sauƙi, layi kuma ga shi har bakin ƙofa.

A gida an rabu biyu. Mahaifinta da ƙaninsa suna ganin ƙiwuya ce. Yarinyar da ke zuwa makarantar boko da ƙafarta, don me sai lokacin makarantar allo da ɗebo ruwa ƙafar za ta ƙi? Sun kuma gan ta tana tafiya da baya ba tare da ƙafar ta murɗe sosai ba, sai suka ce asirinta ya tonu. Ta sha bulala a kan wannan, kuma mahaifin da kansa ya gaya mini, kansa a sunkuye. Kakarta ta wajen uba kuwa ta ce ciwon da ke jiran almuru ai ba sai an tambayi mai shi ba. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. An kai ta wajen mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, daga baya aka yi mata takalmin ƙarfe. An kuma yi hoton kai da sikana aka ce ba a ga komai ba, sai kowane ɓangare ya ɗauki sakamakon a matsayin shaidarsa.

Ni dai ina ganin duka ɓangarorin biyu sun lura da kyau, sun ga abin da takardar asibiti ba ta gani ba. A wajen fassara ne aka kauce. Ba ni da ja da addu'a, ni ma ina yi wa marasa lafiyata. Dukan ne ba ni da uzurin da zan ba shi.

Abin da aka gani a jikinta

Da hantsi ta shigo da ƙafarta. Tana ɗan taka gefen tafin hagu, amma wanda bai sani ba zai ce ƙaya ta taka. Da ta kwanta na riƙe ƙafar na juya, idon sawun dama ya tafi ko'ina ba gardama, na hagu ya ɗan cije a ƙarshe. Ƙafafun ba su tsotse ba, kaurinsu ɗaya, ƙarfinsu cikakke. Da na buga gwiwa da gudumar roba ƙafar ta zabura fiye da kima, babban yatsa kuma yana ɗagewa sama shi kaɗai. Waɗannan alamu biyu su ne suka fi sa a yi wa irin waɗannan yara kuskuren lalurar haihuwa.

Na roƙi uwar ta dawo da ita bayan la'asar. Kai ka ce wata yarinyar ce daban. A bayan babur aka sauke ta, yayanta ya tallafo ta. Da ta yunƙura za ta yi taku, tafukan biyu suka kife ciki, yatsu suka dunƙule, gwiwoyi suka haɗe, baya ya gantsare. Na ɗora hannu a ƙwaurinta na ji tsokar gaba da ta baya duk sun ɗaure lokaci guda. Da aka zaunar da ita ta huta, ƙafar ta saki. Motsinta ma ya yi nauyi, fuskarta ta rage walwala. Likitan yara da muke aiki tare ta zo ta duba, ta ce wannan distoniya ce, kuma canjin safe da yamma yana nuna wani nau'i nata na musamman. Muka sa yayan ya ɗauki bidiyonta da waya, ɗaya bayan asuba, ɗaya kafin isha'i, likitar ta tura wa wani ƙwararren likitan jijiyoyi a Yawunde. Gani ya kori ji. Amsarsa ta zo daidai da tunaninta.

Inda ciwon yake

Distoniya ita ce tsokoki su riƙa ɗaurewa da kansu ba da nufin mai su ba, su murɗe gaɓa ko su riƙe ta a karkace. Tana iya tsayawa a wuya kaɗai, ko fatar ido, ko maƙogwaro, ko hannun rubutu, tana kuma iya game jiki. A cikin cututtukan motsi ana lissafa ta a ta uku wajen yawa, bayan karkarwar hannu da cutar Parkinson, wadda ta fi kama tsofaffi ta sa su karkarwa da nauyin motsi. A ƙafa ake ganinta a wannan yarinya, amma ƙafar lafiyarta lau. Ƙashi, tsoka, agara da jijiyar da ta sauko daga laka duk suna aikinsu. Umarnin da ke zuwa musu daga sama ne ya rikice.

Mai karatu ya lanƙwasa hannunsa ya taɓa damtse. Tsokar gaba ta ɗaure, ta baya ta saki. Sakin nan ba haka kawai yake faruwa ba, ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni biyu a tare: wannan ta yi aiki, waccan da maƙwabtanta su yi shiru. Babban rabon wannan tacewa yana hannun wasu curarrakin ƙwayoyin jijiya da ke can ƙuryar ƙwaƙwalwa, waɗanda likitoci ke kira basal gangiliya. Saƙon niyyar motsi yana fitowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa ya shiga wani curi mai suna futamen, ya wuce gulobus falidus, ya bi ta talamus ya koma ɓawon. A wannan zagaye ake buɗe wa motsin da ake so hanya, a danne sauran. Idan dannewar ta yi rauni, mutum ya yi niyyar taku ɗaya sai umarnin ya malala zuwa tsokokin da ba a kira ba, masu ja da masu saki su kama kokawa, gaɓar ta murɗe zuwa ɓangaren da ya fi ƙarfi. Abin da na ji ke nan a ƙwaurinta. Shi ya sa kuma ciwon ke tashi in ta yunƙura, ya lafa in ta huta, ya ɓace in ta yi barci.

Tafiya da baya da ta jawo mata bulala ma a nan bayaninta yake. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye tafiyar gaba da ta baya a matsayin abu ɗaya ba, kowace da nata tsarin. Distoniya takan kama tsari ɗaya ta ƙyale wani. Akwai mai distoniyar hannu da ba ya iya rubutu amma yana cin tuwo da hannun lafiya lau. Akwai mai karkataccen wuya da in ya ɗora ɗan yatsa a haɓa sai wuyan ya miƙe, ba don yatsan ya tura shi ba. Wannan dabara ta taɓawa tana cikin abubuwan da suka nuna wa masana cewa ɓangaren ji na ƙwaƙwalwa ma yana cikin maganar. A yau ba a ɗora laifin a kan basal gangiliya kaɗai. Ana kallon distoniya a matsayin matsalar hanyoyin da suka haɗa su da talamus, da ɓawon ƙwaƙwalwa, da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, wato serebelum. Rauni a kowane ɗayan waɗannan wurare an ga ya haifar da ita.

Kada wani ya ɗauka mutanen gidan nan ne kaɗai suka taɓa zargin mai distoniya da ƙarya. Likita Bajamushe Hermann Oppenheim ne ya raɗa wa cutar suna a Barlin a 1911, yana mai cewa ciwo ne na jiki. Amma shekaru da dama bayansa likitocin Turai da Amurka suna tura masu karkataccen wuya da masu ɗaurewar hannun rubutu wajen likitan tunani, suna cewa damuwa ce ta fito ta jiki. Sai a shekarun 1970 da 1980 David Marsden da abokan aikinsa a Landan suka kafa hujja cewa waɗannan duk rassan cuta ɗaya ne kuma tushenta ƙwaƙwalwa. A 1997 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo nau'in da ake kira DYT1, mai kama yara ya game jiki. Abin da ya daɗe yana ruɗa likitoci shi ne wanda ya ruɗa gidan telan nan: ana duba ƙwaƙwalwar ba a ganin tabo ko ƙari. Sikana siffa take nunawa, ba ta nuna yadda saƙo ke gudana ko yawan sinadarin da ke ɗauke da shi.

A wannan yarinya sinadarin da ya gaza shi ne dofamin. Wasu ƙwayoyi ne a wani ɗan baƙin sashe na tushen ƙwaƙwalwa ke yin sa, su aika wa futamen, kuma da shi zagayen da na bayyana ke daidaita. Likitan yara Masaya Segawa na Tokiyo ya fara ba da rahoton yara masu irin wannan hali a farkon shekarun 1970, ya yi cikakken bayani a 1976: ciwo mai farawa a ƙafa wajen shekarun shiga makaranta, ya fi yawa a 'yan mata, ya tsananta da yamma, ya yi sauƙi bayan barci. A 1994 masu bincike a Japan suka gano cewa akasarin masu shi suna da tangarɗa a ƙwayar gado mai suna GCH1, a kan kuromosom na 14. Aikin wannan ƙwaya shi ne taimakawa wajen haɗa wani mataimakin sinadari, BH4, wanda sai da shi jiki ke juya tayirosin na abinci ya zama lebodofa, ita kuma lebodofa ta zama dofamin. Mai ciwon yana da kwafi ɗaya mai aiki, ɗaya mai tangarɗa, don haka yana yin dofamin amma ba ya isa. Kamar randa ce da ake cika ta da famfo mai ɗiga: cikin dare da ba a ɗiba takan taru, da safe a samu na wanka da na girki, kafin yamma an kai ƙasa. Almuru bai zo da kowa ba, ajiyar ce ke ƙarewa a lokacin.

Wani abu mai daɗin ji shi ne ƙwayoyin da ke yin dofamin ɗin suna nan da ransu. A cutar Parkinson mutuwa suke yi a hankali, shi ya sa magani ke rage tasiri da shekaru. A ciwon yarinyar nan kuwa, wanda ake kira ciwon Segawa, ba su mutu ba, kayan aiki ne ya yi musu kaɗan.

Abubuwan da aka kawar

Shan-inna tana barin ƙafa a saki, a tsotse, gwiwa ba ta zabura, kuma ba ta san safe da yamma ba. Ƙwayar shan-inna ta daji ma rabon Kamaru da ita tun 2014, kuma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana yankin Afirka ya rabu da ita. Lalurar haihuwa kuwa tun jaririntaka take bayyana, ba ta barin yaro ya yi shekara biyar yana gudu sannan ta fara, kuma ba ta yaɗuwa daga gaɓa zuwa gaɓa. Ita ce ta fi yawa a cikin yaran da nake gani masu murɗewar jiki, musamman waɗanda suka maƙale wajen haihuwa ko suka yi shawara mai tsanani a makon farko, domin sinadarin da ke sa jariri ya yi ɗorawa yana lalata gulobus falidus kai tsaye. An duba idonta da hantarta saboda cutar Wilson, wadda tagulla ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa, ba a ga alama ba.

An kuma bi magungunan da ta taɓa sha ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan zan ɗan tsaya. Maganin amai metokulofuramid, wanda aka fi sani da Primpéran, toshe hanyar dofamin yake yi. Wani yaron zai sha, cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu wuyansa ya murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya zazzago. Gida ya rikice, wasu su ce sanƙarau, wasu su ce aljanu, alhali allura ɗaya a asibiti kan warware shi. Tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, ta taƙaita shansa zuwa kwana biyar. A nan kuwa ana samunsa a tiren masu tallan magani. Yarinyar nan ba ta sha ba, amma duk mai yaro ya riƙe wannan suna.

Gwajin magani

Gwajin ƙwayar gado sai an aika jini ƙasar waje, kuɗinsa ya fi ƙarfin gidan, kuma ba shi ne sharaɗin fara magani ba. Ƙa'idar da likitocin jijiyoyi ke bi ita ce duk yaron da distoniya ta kama ba a san dalili ba, a gwada masa lebodofa. Dofamin kansa ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, lebodofa kuwa tana ƙetarewa, kuma tana shiga ne a bayan matakin da ya toshe. Ana haɗa ta da karbidofa ko benserazid don kada ta juye tun a hanya, shi ne Sinemet da Modopar na farmasi. Ba sabon magani ba ne, tun ƙarshen shekarun 1960 ake ba masu cutar Parkinson, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Mahaifin ya yi turjiya. Ya ji cewa maganin tsofaffi masu karkarwa ne, ga kuma gajiya da kashe kuɗi. Likitar ta ce masa, "Malam, ba alkawari nake yi maka ba. Ka ba mu wata uku, a ajiye maganar tiyata. In bai yi ba mun tsayar." Kakar ce ma ta sa baki, ta ce magani ai sababi ne, a gwada.

An fara da ɗan kaɗan, kimanin miligiram 1 ga kowane kilo na nauyinta a yini, a rarrabe, ana ƙarawa sannu a hankali. Na faɗi adadin don abokan aiki, ba don wani ya saya ya ba ɗansa ba: in aka fara da yawa yaro kan shiga fizge-fizge da amai, iyaye su tsorata su watsar da maganin da zai tashe shi. Cikin makon farko uwar ta kira ta ce yarinyar ta je makewayi da ƙafarta bayan isha'i. Kafin wata ya cika ta koma makarantar allo. A wata na biyu likitar ta ɗan ƙara awon, sai yarinyar ta fara ƙananan motsin kafaɗa da na baki, aka koma awon baya suka tsaya. Tashin zuciya ya dame ta a farko, ya wuce da aka riƙa ba ta da ɗan kunu. An ja kunnen uwar kada kowa ya ba ta Primpéran don wannan, domin zai rushe abin da ake ginawa.

A wata na uku aka sake bidiyon yamma. Dunduniyoyi biyu suna taɓa ƙasa, baya ya miƙe, babban yatsa ya kwanta, rubutunta ya saki. Abin da ya rage shi ne idon sawun hagu, wanda shekarun ɗauri da takalmin ƙarfe suka ɗan gajarta wa agara. Wannan ne kaɗai rabona a aikin: miƙarwa, tsayuwa a kan gangare, da koya wa ƙafar takun da ta manta. An soke tiyata. Da an yi ta, da an yanka agara mai lafiya, umarnin da ke murɗe ƙafar kuma yana nan yana zuwa, kuma ba a mayar da abin da wuƙa ta yanke.

Ina so a fahimce ni da kyau, domin labari irin wannan yana sa iyaye dogon buri. Ciwon Segawa ba shi da yawa, ƙiyasin da ake bayarwa kusan mutum ɗaya ne cikin miliyan ɗaya zuwa biyu, ko da yake masana na ganin da yawa suna ɓoye a ƙarƙashin sunan lalurar haihuwa. Akasarin masu distoniya lebodofa ba ta tashe su. Wasu suna samun sauƙi da wani magani mai suna Artane. Masu ta wuya ko ta ido allurar botulinum ce maganinsu, wadda Amurka ta amince da ita don ciwon fatar ido a 1989, don na wuya a 2000, kuma sai an maimaita ta kusan duk wata uku. Masu tsanani a ƙasashen da ke da hali ana dasa musu siririyar waya a gulobus falidus tana aika lantarki, aikin da likitocin Montpellier a Faransa suka yi fice da shi a kan yara tun ƙarshen shekarun 1990. Waɗannan biyun sun yi wa talakan Garwa nisa. Gwajin lebodofa kuwa bai yi masa nisa ba, kuma abin da ke ci mini rai ke nan: shekara biyar yarinyar nan ta yi tana fama, maganinta yana farmasi a cikin garin.

Abin da ya biyo baya

Maganin na tsawon rai ne. Masu wannan ciwo sukan zauna a kan ƙaramin awo shekaru masu yawa ba tare da ya daina aiki ba, su yi karatu, su yi aure, su haihu. Wahalar ita ce samunsa ba yankewa. An taɓa neman sa a farmasin garin aka rasa, sai da aka yi saƙo daga Yawunde, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan mota. Cikin 'yan kwanakin nan ƙafar hagu ta fara juyawa da yamma, da maganin ya iso ta koma daidai. Mahaifin ya ce a ranar ce ya gama sakankancewa. Yanzu suna ajiye na wata guda a gaba, kuma an gargaɗe su da sayen na tebur ko na tire, tunda jabu ba ya rubuta sunansa a goshi. An kuma gaya wa uwar cewa ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe tana hana lebodofa shiga jiki yadda ya kamata, in an rubuta wa yarinyar a raba lokacin shansu. Maganar azumi an bar ta sai ta balaga, likita ta tsara lokutan sha.

Sai batun gado, wanda ya fi komai nauyi a zauren gidan. Kakar ta roƙi kada maganar ta fita, don kada a guji jikokinta wajen aure. Likitar ta yi musu bayani dalla-dalla. Idan nau'in GCH1 ne, kamar yadda alamu suka nuna, daga ɗaya cikin iyaye kaɗai yake zuwa, kuma kowane ɗa yana da rabi da rabi na ɗauka. Ba duk wanda ya ɗauka ne ciwon ke bayyana a jikinsa ba, maza musamman sukan ɗauke shi har tsufa ba su sani ba. Auren zumunci ba shi ne sababin wannan nau'in ba, ko da yake akwai wasu nau'o'in da suka fi tsanani, masu kama jarirai, waɗanda sai an gada daga uwa da uba, kuma su auren zumunci yana ƙara yiwuwarsu. Uwar ta daɗe tana shan gori cewa daga danginta abin ya fito. Babu wanda ya isa ya tabbatar da haka ba tare da gwaji ba, kuma ko daga ina ya fito ba laifin kowa ba ne.

A cikin wannan zama ne mahaifin ya ambaci yayarsa da ke aure a wajen garin Fitowa, kusa da Garwa, gwaggon yarinyar, wadda ta haura shekara 50. 'Yan shekarun nan hannunta na karkarwa, tafiyarta ta yi nauyi, kuma kakar ta tuna cewa tun tana budurwa takan ja ƙafa in ta dawo daga gona. A dangin masu ciwon Segawa manya kan fito da alamu irin na Parkinson, kuma su ma ƙaramin awo na lebodofa kan yi musu aiki sosai. Likitar ta rubuta takarda a kawo ta. An duba ƙannen yarinyar biyu ba a ga komai ba, amma an ce wa uwar ta sa ido a kan ƙaramar, mai shekara 4, ta riƙa duba gefen takalminta, ta kuma lura da tafiyarta bayan la'asar. Gwaggon ba ta zo ba tukuna. Mijinta ya aiko cewa sai an gama tsinkar auduga.